Ɗan Fawa da Sikelin Ubansa

A shekarar alif ɗari tara da casa'in da shida Malam Rula ya fara ganin Ɗan Fawa, wata Talata, ƙarfe goma ta wuce da 'yan mintoci. Ya riƙe ranar ne domin a ranar ce kwamfutar farko da ofishin zanen gine-gine ya saya ta ƙi tashi. Watanta huɗu a ofishin. An ware mata ɗaki, an ɗinka mata riga da farin yadi, ba a shiga wurinta da takalmi. Malam Rula shi ne babban mai zane a lokacin, mutum ne da ke fiƙe fensir shida kowace safiya ya jera su bisa tsawonsu, ga rular katako da ba ta barin aljihunsa, wadda ta jawo masa sunan. Da yake ya fi kowa tsabta, shi aka ba makullin ɗakin. Ranar ya tuɓe mata riga, ya danna, shiru. Ya duba agogo, ya jira minti ɗaya cif, ya sake dannawa, shiru. Wanda ya sayar da ita ya yi tafiya, dole aka aika a kira mai gyaran rediyo na bakin titi.

Mai gyaran ya shigo da takalminsa. Gajere ne, mai kaurin wuya, da sukudireba a bayan kunne. Bai kalli allon ba, bai kalli littafin bayani mai shafi ɗari huɗu da Malam Rula ya miƙa masa da hannu biyu ba. Ya kwantar da kwamfutar a ƙasa kamar akuya, ya buɗe cikinta, ya kwance wani akwatin ƙarfe mai fanka da ke kusurwa, ya ɗora a tafin hannu yana jinjinawa.

"Fawa ce," ya ce.

"Wace fawa kuma?" in ji Malam Rula. "Nan ofis ne, ba mayanka ba."

"Wannan akwatin. Shi ke karɓar wuta daga bango, ya yanyanka ta, ya ba kowa rabonsa a ciki. Fawa ake ce masa da Turanci. Taku babu nama, fata ce zalla."

Direban ofis, wanda ya san gidan su mai gyaran, ya yi dariya har da riƙe ciki, domin mutumin ɗan mahauta ne na gaske. Daga ranar sunan ya manne masa. Har matarsa da shi take kiransa in ranta ya ɓaci.

Ubansa mahauci, kakansa mahauci. Shi ne na huɗu cikin maza shida, kuma shi kaɗai ne in ya ga jini sai jiri ya kwashe shi. Sau uku ana ɗaga shi daga ƙasa a gindin teburin nama ana yayyafa masa ruwa. A na ukun uban ya goge hannunsa, ya ja shi zuwa wurin wani mai gyaran rediyo, ya ce a koya masa yankan abin da ba ya zubar da jini. Da tsohon ya rasu, 'yan'uwan suka raba wuƙaƙe da gatari da tebur da rumfa, shi kuma suka turo masa sikeli, irin mai kwano a sama da allura a fuska, suka ce ya je ya auna labaran duniya da shi. Ya ɗauka. Ya kankare kitsen da ya daskare a kwanon, ya girka shi a kan teburin gyara.

A kan sikelin nan ya gina iliminsa kakaf. Tun yana koyon aiki ya lura cewa rediyon da ke daɗewa yana da nauyi, wanda ke mutuwa bayan shekara ɗaya kuwa kamar kwalin ashana yake a hannu. Tagulla tana da nauyi, ƙarfe yana da nauyi, mai son ya cuce ka a nan yake ragewa, domin fenti da rubutu ba su cin komai. Zamanin rediyo ya ja baya, talabijin ta zo, bidiyo ta zo ta wuce, kwamfuta ta zo ta zauna, shi dai karatunsa ɗaya ne. Duk abin da aka kawo masa, sai ya ciro abin da ke ba shi wuta ya ɗora a kwano. Ƙasa da kilo ɗaya, fata. Kilo ɗaya da rabi, ƙashi da jijiya, a lallaɓa. Kilo biyu zuwa sama, tsoka. Yakan yanke hukuncin da ƙarfi yadda na shago uku gaba zai ji, ya kuma haɗa da mai kayan: "Wa ya sayar maka da wannan? Yana nan da rai? Ka gaishe shi, ya san wanda ya samu." Lauyoyi da likitoci sun tsaya a shagon nan sun sha irin wannan, sun kuma dawo, domin a cikin goma yakan yi daidai a tara, na goman kuwa kafin a gane mai kayan ya ƙaura ko ya mutu. Yin daidai sau tara shi ya lalata shi. Babu wanda ya taɓa jin Ɗan Fawa ya ce ya yi kuskure. In gyara ya ƙi, wutar gari ce. In ya sake ƙi, hannun mai kaya ne.

Malam Rula kuwa makarantar mishan ya yi, zamanin da ake duba farce da wuyan riga kafin a shiga aji, ana koyon rubutu da alƙalamin da ake tsomawa a tawada. Can aka dasa masa imanin cewa duk abin da aka buga a takarda an yi tunani kafin a buga shi. Shi ne mutumin da ke karanta takardar cikin kwalin magani har ƙarshe, har da adireshi. Babu wanda ya san abin da ya haɗa mai imani da rubutu da mai imani da kilo, amma shekara ashirin da takwas, duk ranar aiki in an tashi, Malam Rula kan biyo ta shagon, ya shimfiɗa hankici a kan wata matacciyar talabijin, ya zauna su yi gardama. Ya taɓa auna shagon, mita biyu da saba'in a mita uku da goma, ya zana wa Ɗan Fawa yadda zai jera kantoci har ya sami wurin kujera. Ɗan Fawa ya yi godiya, ya naɗe zanen, ya toshe ɓular taga da shi.

Shekaru suka ja. Wanda ya kafa ofishin ya rasu, ɗansa ya gaje shi, wanda ake kira Injiniya, wanda Malam Rula ya taɓa riƙe wa hannu yana koya masa jan layi. Masu gini kuma suka canza hali. Da, mutum yakan kalli filan a takarda, ya ga layuka, ya yarda gida ne. Yanzu sai ya ga gidan a tsaye a kan allo, an zagaya da shi ɗaki ɗaki, ya ga inda rana za ta faɗo a kan kujera, ya yi rigima a kan launin labulen da ba a saya ba a tagar da ba a gina ba. Aka ɗauki matasa biyu masu digiri da ke yin wannan aikin da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana kan waya. Malam Rula yana da shekara sittin da takwas. Teburinsa na jikin tagar gabas, shekara arba'in da ɗaya yana kansa, kuma ya lura sababbin sun fara auna wurin da ido.

Bai naɗe hannu ba. Wata takwas yana koyon aikin, yana rubuta kowane mataki da lamba a littafin rubutu, daga ɗaya zuwa ɗari biyu da sha huɗu. Shi ya iya. Kwamfutarsa ce ba ta iya ba. In ya ce gida ya juya, sai ya je ya sha shayi ya dawo ya tarar da rabin rufi.

Wata Litinin Injiniya ya kira shi ofishinsa.

"Baba, zauna mana. Gidan da Babbar Nas za ta gina, kai ka zana, ko?"

"Ni na zana. Shafi goma sha ɗaya."

"To ta ce ita ba ta gane shafi. Nan da mako biyu, rana ita yau, za ta zo ta ga gidan a tsaye. In ka nuna mata da hannunka, magana ta ƙare, teburinka naka ne. In kuwa abin zai wahalar da kai, Baba, ai ka yi mana komai. Sai mu shirya maka ɗan taro."

Malam Rula ya san taron. Ya halarci guda bakwai. Lemon kwalba, jawabi, da agogon bango a naɗe cikin takarda mai ƙyalli, a miƙa wa mutum abin duba lokaci a ranar da lokaci ya daina yi masa amfani.

Autarsa, wadda ke aiki a wani gari, ita ta ji labari ta aiko da katin hoto, wato abin da ake sokawa a cikin kwamfuta ya ɗauke mata nauyin zana hoto. Kwalin ya iso ranar Talata ta mako na biyu. Katin ya yi tsawon rula daidai, santimita talatin, ga fanka uku a jere. Ta bugo waya ta ce, "Baba, don Allah kada ka saka da kanka. Ka kai wa Kawu." Kawu shi ne Ɗan Fawa, a gabansa ta girma, shi ya gyara mata rediyonta na farko yana zaginta a kan batir.

Laraba da safe Malam Rula ya nemi izini a rubuce, ya kai kwamfuta da kati shagon. Ɗan Fawa ya ɗaga katin, ya jinjina, ya yi fito.

"Wannan ai bijimi ne. Da me za ka ciyar da shi?" Ya buɗe kwamfutar, ya leƙa tsohuwar fawa. "Ƙarfin wutarta wat ɗari uku a rubuce, ka ce ɗari biyu. Ko wayar da za ta shiga bakin katin ba ta da ita, mai rami takwas yake so. Dole a sake fawa."

"Na sani." Malam Rula ya zaro takarda daga aljihu, an ja mata layi da rula. "Kati, wat ɗari biyu da ashirin. Ƙwaƙwalwar injin, casa'in da biyar. Sauran tarkace da fankoki, sittin. Jimla ɗari uku da saba'in da biyar. Kwalin kuma ya ce kada a yi ƙasa da ɗari shida da hamsin. Na rasa inda ragowar ke tafiya."

"Ba ta tafiya ko'ina. Katin nan ba a hankali yake ci ba, fizga yake yi. Yana tafiya lafiya lau, ka ba shi aiki mai nauyi, sai ya wawuri kusan ninki a ƙiftawar ido. In fawa ba ta da rara, a nan take durƙushewa. Kwalinka ya yi gaskiya."

Malam Rula ya dubi agogo. Ƙarfe tara da minti arba'in. Wannan ne karo na farko da suka yarda da abu ɗaya, ya ga ya kamata a san lokacin.

Aka kira Dillali, mai shagon kayan kwamfuta na kusa, ya kawo fawa uku ya jera. Tela na gefe ya bar kekensa ya zo, mai sayar da jarida ma ya matso, domin awon fawa a titin nan kallo ne.

Ta farko, sitikarta ta ce wat ɗari takwas. Allura ta tsaya a giram ɗari tara.

"Ɗari takwas," in ji Ɗan Fawa. "Dillali, wannan da iska aka cika ta ko da addu'a? Kwashe ta kafin ta tashi sama."

Ta biyu ruwan toka ce, babu ado, ɗari shida da hamsin. Kilo ɗaya da giram ɗari bakwai. "Ƙashi da jijiya," ya ce, ya ture ta gefe.

Ta uku baƙa ce wuluk, tana sheƙi, da hoton walƙiya a gefe, ɗari takwas da hamsin. Da aka ɗora ta, allura ta zabura ta wuce kilo biyu, ta tsaya a biyu da rabi tana rawa.  Ɗan Fawa ya shafa bayanta da tafin hannu, a hankali.

"Rabon da in ga tsoka irin wannan," ya ce, "tun ana yin kaya don Allah."

Malam Rula ya riga ya sauya tabarau, ya sa na karatu. A ƙasan manyan baƙaƙen sitikar akwai wani ɗan jadawali da aka buga da rubutu kamar ƙafar tururuwa, ya sunkuya a kansa.

"Dakata. Katin daga layin wuta mai bolt goma sha biyu yake sha, haka ne?"

"Haka ne."

"To a nan an rubuta amfiya goma sha shida a layin. Sha biyu sau sha shida, wat ɗari da casa'in da biyu ke nan. Katin kaɗai yana son ɗari biyu da ashirin. Waccan mai ruwan tokar kuwa amfiya hamsin da huɗu ce. Sau sha biyu, ɗari shida da arba'in da takwas. Ita ce daidai."

"An zo wurin," in ji Tela, ya gyara tsayuwa.

Ɗan Fawa ya cire sukudireba daga kunne ya ajiye. "Malam Rula, shekara ashirin da takwas ina gaya maka sitika maƙaryaciya ce."

"A manyan baƙaƙe take ƙarya. A ƙanana takan ji tsoro."

"Tsoron wa? Kai kaɗai ke karanta su a duniya. Mai buga sitika gyangyaɗi ya kwashe shi ya rubuta sha shida. Kilo biyu da rabi ba ya gyangyaɗi. Ɗauki ka ji."

Malam Rula ya ɗauka. Da gaske tana da nauyi, har ta ja masa hannu ƙasa. Ya dubi takardarsa, ya dubi Tela da Dillali da mai jarida, duk sun zuba ido. In ya nace, cewa ya yi sikelin nan yana ƙarya, kuma faɗin haka a gaban mutane daidai yake da ya zagi mahaucin da ke kabari. Ban da haka, bai taɓa ganin allurar ta ci amanar kowa ba. A makarantar da aka koya masa lissafi, a nan aka koya masa ladabi, ranar kuwa ladabin ne ya yi nasara. Ya ninke takardar gida huɗu, ya mayar aljihu.

"Kai ne mai sana'a," ya ce.

Aka ɗaura baƙar, aka soka kati, aka danna. Fankoki uku suka juya, allo ya kawo haske.

"Ina lissafin?" in ji Ɗan Fawa. "A kira sha shida ta zo ta gani." Aka yi dariya, kowa ya koma shagonsa.

Malam Rula ya zauna a kan talabijin, ya buɗe littafinsa, ya kira gidan Babbar Nas. Gidan ya fito gaba ɗaya, da rufinsa. Ya taɓa, ya juya sumul kamar an ɗora shi a faranti. Shekara arba'in da ɗaya yana zana gidaje, bai taɓa ganin nasa a tsaye ba kafin magina su ɓata shi. Ya zagaya baranda sau biyu. Sannan ya je mataki na ɗari da casa'in, wanda ke sa rana da inuwa su sauka a kan ginin. Fankokin suka ɗaga murya. Minti biyu da daƙiƙa goma suna kuka, sai wani abu ya ce fas a cikin akwatin, allo ya yi baƙi, siririn hayaƙi ya fito ta baya da ƙaurin roba.

Ɗan Fawa ya fizge waya daga bango.

"Wutar gari ce," ya ce. Amma ƙwan fitilar shagon yana ci lafiya, rediyon kan kanta bai ko yi tari ba, shi da kansa ya ji yadda maganar ta faɗi. Ya ciro baƙar fawa, ya kwance kusoshinta huɗu. A ciki akwai ɗan farantin kayan lantarki da bai kai tafin hannu ba, ya ƙone a gefe. A inda ya kamata babban naɗin tagulla ya zauna, wani dunƙule ne a naɗe da rawayan salatif, wayoyi biyu sun shiga cikinsa. Ya ɓare salatif ɗin. Abin ciki ruwan toka ne, kuma wayoyin ba su je ko'ina ba, a ciki suka ƙare.

Malam Rula ya karɓa, ya kankara da gefen makulli, ya murza garin a tsakanin yatsu.

"Siminti ne," ya ce. Ya sake murzawa. "Ba ma mai kyau ba. Kwano ɗaya a yashi takwas, kuma ba a ba shi ruwa ba. Ko ɗakin kaji ba zan sa hannu a gina da wannan ba."

Ashe can wani wuri an sami labarin cewa akwai masu auna fawa a sikeli, an kuma yi musu tanadi. A jikin katin, kusa da bakin nan mai rami takwas, ga wani baƙin tabo kamar an ɗiga kwalta.

Tela ya leƙo. "Lafiya? Na ji ƙauri."

Malam Rula ya jefa dunƙulen a aljihu. "Ni ne. Na danna abin da bai kamata ba."

"Ayya, Baba," in ji Tela, da tausayin da ya fi zagi ciwo. "Abin nan ba na manya ba ne." Ya juya da sauri, domin labari yana da zafi kuma titin yana da tsawo.

Ɗan Fawa bai ɗago ya dube shi ba. "Bar kwamfutar a nan," ya ce.

Da yamma Auta ta bugo ta ji ko kwamfutar ta tashi. Malam Rula ya maimaita mata abin da ya gaya wa Tela, kalma da kalma, domin shi ko ƙarya zai yi ba ya son kwafi biyu su saɓa. 

"Ba komai, Baba. Kati ne kawai." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma wataƙila Injiniya yana da gaskiya. Ka huta haka nan, ka yi iya naka."

Wannan ya fi hayaƙin shiga masa ido.

Alhamis aka wayi gari shagon Ɗan Fawa a rufe. Ba a taɓa gani ba. Ranar da matarsa ta haifi tagwaye ma rabin wuni ya buɗe. Malam Rula ya biyo bayan an tashi, ya ji warin dalma yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, ya ƙwanƙwasa.

"Ba kowa," aka ce daga ciki.

"To wa ke magana?"

"Rediyo."

Juma'a ma haka, Asabar ma haka. Malam Rula ya daina ƙwanƙwasawa. Ya je ofis ranar Asabar, lokacin da babu kowa, ya kwashe abin da ke cikin aljihun tebur na ƙasa ya kai gida, don kada a gan shi da kwali ranar taron.

Litinin, ƙarfe bakwai da minti ashirin, ya tarar da Ɗan Fawa a ƙofar ofis da kwamfutar a kafaɗa. Idanunsa sun yi ja, yatsu biyu a naɗe da tsumma. Ya shiga ya dire ta a kan teburin tagar gabas.

"Fiyus ɗaya ne, da wasu abubuwa biyu kamar ƙwayar shinkafa. Na ciro a jikin wani mataccen kati. Sai da na sa gilashi uku kafin in gan su."

Malam Rula ya leƙa ta baya. Fawar da ke ciki ruwan toka ce.

"Wacce ka sa?"

"Wadda na samu."

"Ka auna ta?"

"Aiki ka zo ko hira?" Ya juya ya fita.

Babbar Nas ta iso ƙarfe goma daidai, mace ce da ta yi shekara talatin da biyar tana tsawata wa likitoci. Injiniya ya ba ta kujera, masu digirin nan su biyu suka tsaya a baya da hannu a ƙirji. Malam Rula ya buɗe littafinsa, ya bi mataki mataki yana sa yatsa a kan lamba. Da ya kai na ɗari da casa'in, fankoki suka ɗaga murya, shi kuma ya kafa ido a agogo. Minti biyu da daƙiƙa goma suka wuce. Uku suka wuce. Rana ta sauka a kan baranda, inuwar ginshiƙai ta kwanta a ƙasa.

Ba ta ce ya yi kyau ba. Ta ce launin labulen irin na ɗakin masu jinya ne, a cire. Sannan ta nuna ƙofar banɗaki da baki.

"Keken marasa lafiya zai shiga nan? Maigidana ba ya tafiya."

Masu digiri suka sunkuyo suna neman inda ake dannawa a auna.

"Santimita casa'in da biyar ce, ranki ya daɗe," in ji Malam Rula, bai kalli allon ba. "Keken bai wuce saba'in ba. Na kuma cire dokin ƙofar. Yana shafi na bakwai."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta juya ga Injiniya. "Wannan ya tsaya a kan ginin har a gama."

Injiniya ya yi murmushin wanda ya haɗiye ƙwaya babu ruwa. Agogon bangon, wanda ashe an riga an saya, a ɗakin jira aka rataye shi.

Da yamma Malam Rula ya kira Auta ya ba ta rahoto, da lokutansa.

"Ai na san za ka yi, Baba."

"Ranar Laraba ba haka kika ce ba."

 "Kunya ce ta hana ni kiranka. Kawu ya bugo min ranar Alhamis da safe. Ya ce lissafinka daidai ne, shi ya ƙi ji, shi ya ƙona katin da hannunsa. Ya ce in na kuskura na ɗauke ka tsohon da ya rikice, ba ni ba shi. Ya kuma ce kada in gaya maka, in na gaya maka zai musa."

A titi kuwa babu abin da ya canza. Har yau Tela yana ba da labarin dattijon da ya danna abin da bai kamata ba, Ɗan Fawa bai taɓa gyara masa ba, an ma ji shi sau ɗaya yana ƙara gishiri. Washegarin zuwan Babbar Nas, Malam Rula ya biyo bayan an tashi, ya tarar da shi a sunkuye a kan wata kwamfuta.

"Auta tana gaishe ka," ya ce.

Ɗan Fawa bai ɗago ba. "Yarinyar nan surutu gare ta," ya ce. "Ubanta ta biyo."